Yadda Ake Saita FreeRTOS a Kan Allon ESP32 Don Kula da Famfon Burtsatse a Djougou

Duk unguwar da aka haƙa rijiyar burtsatse a Djougou ta ƙasar Benin, daga cikin Wangara har ƙauyukan da ke bakin hanyar Parakou, damuwar masu ita iri biyu ce. Ko dai tanki ya cika ya yi ta ambaliya saboda wanda aka bar wa kunnawa da kashewa ya tafi wata hidima, ko kuma a bazara, wajen Maris da Afrilu, ruwan ƙasa ya ja da baya, injin famfo ya yi ta jan iska har ya ƙone. Matashin da ya iya liƙin dalma a shagon gyaran waya, ko wanda ya karanci lantarki, zai iya magance duka biyun da ɗan allon da bai kai tafin hannu ba. Haɗa wayoyin ba shi da wuya sosai. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen saita manhajar gudanarwa da ke cikin allon.

Dalili kuwa shi ne, saitin da manhajar ke zuwa da shi an tsara shi ne don teburin injiniya: wuta tsayayya, ɗaki mai sanyi, mutum yana zaune yana karanta duk abin da allon ya rubuto. Allonka kuwa zai kwana shi kaɗai cikin akwati a gindin tanki, ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga wuta mai zuwa da rauni. Don haka a duk layin saitin da za mu taɓa, tambaya ɗaya za mu riƙa yi: idan abu ya lalace da tsakar dare ba kowa a kusa, me muke so allon ya yi?

Zaɓen allo da manhaja

Arduino Uno, wanda yawancinmu muka fara koyo da shi, yana da kilobait 2 kacal na ma'ajiyar aiki. Za a iya cusa masa manhajar gudanarwa, amma da ka buɗe ayyuka uku wuri ya ƙare. Allon STM32F103 da ake kira Blue Pill yana da kilobait 20 kuma yana gudu a megahaz 72, ya isa aikin famfo in ba a buƙatar aika saƙo. Ni dai ESP32 nake ba da shawara, na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016. Yana da ƙwaƙwalwa biyu masu iya kaiwa megahaz 240, da kilobait 520 na ma'ajiyar aiki, da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, kuma samfurin WROOM-32 yakan zo da filash mai megabait 4.

Manhajar gudanarwarsa ita ce FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fara fitarwa a 2003, Amazon ta karɓi ragamarta a 2017, kuma kyauta ce ƙarƙashin lasisin MIT. Akwai Zephyr, wadda Linux Foundation ta ƙaddamar a 2016, mai kyau ce ƙwarai, sai dai tana buƙatar ka koyi tsarin bayyana kayan allo kafin ka ga ko fitila ɗaya ta kama. Wanda yake fafutukar fahimtar takardun Turanci alhali da Faransanci ya yi makaranta, gara ya rage wa kansa kaya.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan ka rubuta wa ESP32 manhaja ta hanyar Arduino, FreeRTOS na nan a ƙasa tana aiki, kuma abin da ka sa a cikin loop aiki ɗaya ne daga cikin ayyukanta. Amma an riga an haɗa ta an rufe, yawancin saitinta ba ka da ikon sauyawa cikin sauƙi. Shi ya sa za mu bi ta ESP-IDF, kayan aikin Espressif na asali, inda kowane saiti ke hannunka. Abin da zan faɗa ya dogara ne a kan zubi na 5.

Girkawa da gwajin farko

ESP-IDF na cin data, lissafin gigabait ake yi. Masu Windows su nemi fayil ɗin girkawa wanda ba ya buƙatar intanet, mutum ɗaya ya sauke shi inda sabis ke da ƙarfi, ya zuba a filas ya raba wa abokan aiki. Ku tsaya a kan zubi ɗaya gaba ɗayanku, domin sunayen wasu saituna sun sauya tsakanin na 4 da na 5.

Kafin ka zargi allo, zargi kebul. Da yawa daga cikin igiyoyin caji da ake sayarwa a teburin kasuwa wayoyi biyu ne a cikinsu, na wuta kawai, ba sa ɗaukar bayani. Fitilar allon za ta kama, kwamfuta kuwa ba za ta gan shi ba. In kebul ɗin mai kyau ne, duba ƙaramin guntun da ke kusa da bakin USB: ko CP2102 ne ko CH340, kowanne da direbansa a Windows. A Linux kuma sai ka sa sunanka cikin rukunin dialout, ka fita ka sake shiga.

Kwafi misalin hello_world da ke zuwa da kayan aikin, ka shiga cikinsa, ka ba da waɗannan umarni bi da bi:

idf.py set-target esp32
idf.py menuconfig
idf.py build
idf.py -p /dev/ttyUSB0 flash monitor

A Windows, maimakon /dev/ttyUSB0 za ka sa COM3 ko lambar da kwamfutarka ta ba shi. In ɗorawa ta tsaya tana ta jera ɗige-ɗige, danne maɓallin BOOT har ta fara. Ana fita daga kallon saƙonni da Ctrl da alamar ]. Kiyaye tsarin nan: set-target ne farko, domin yana share saitin da ke akwai ya fara sabo. Wanda ya ɓata awa guda a menuconfig sannan ya ba da wannan umarni, aikinsa ya koma baya.

Cikin menuconfig

Shafi ne mai launi da ake yawo a cikinsa da maɓallan kibiya. Kada ka wahalar da kanka da bin rassa ɗaya bayan ɗaya: danna alamar / ka rubuta sunan saitin, zai kai ka wurin.

Fara da girman filash. ESP-IDF na ɗauka megabait 2 ne, ko da allonka na da 4, sai ka gyara ta CONFIG_ESPTOOLPY_FLASHSIZE_4MB. Daga nan sai teburin rabon filash. Na asali yana ware wa manhajarka megabait 1, kuma da zarar ka haɗa Wi-Fi da saƙo mai tsaro za ka ga wurin ya fara matsewa. Akwai zaɓin da ke ba da megabait ɗaya da rabi, akwai kuma mai gurbi biyu don sabunta manhaja ta intanet. Idan rijiyar tana can hanyar Bassila kai kuma kana Parakou, fiye da kilomita 130 daga Djougou ma kanta, gurbi biyun nan zai cece ka daga kuɗin mota da yawa. In rijiyar bayan gidanku take, bar shi, kebul ya ishe ka.

Saurin ƙwaƙwalwa yana zuwa a megahaz 160. Aikin famfo ba ya buƙatar haka. Mayar da shi 80: wutar da allon ke sha ta ragu, zafinsa ya ragu, Wi-Fi kuma na aiki a haka.

Sai bugun agogo, CONFIG_FREERTOS_HZ, wanda ke zuwa a 100. Ma'anarsa manhajar na ɗaga kai ta duba ayyukanta sau 100 a daƙiƙa, kowane bugu milisakan 10 ke nan. A nan akwai tarko. Idan ka rubuta vTaskDelay(pdMS_TO_TICKS(5)) kana nufin aiki ya huta milisakan 5, lissafin zai ba da sifili, aikin ba zai huta ko kaɗan ba. Masu zuwa daga Arduino sun saba da bugu 1000, shi ya sa manhajar da ta yi aiki can takan birkice a nan. Kana iya ɗaga shi zuwa 1000, amma ni ban ga amfanin haka ga tanki ba. Ruwa ba ya hawa sentimita ɗaya a cikin milisakan 10. Bar shi a 100, ka tabbata duk hutun da ka rubuta ya kai milisakan 10. Abin da ke buƙatar awo mai kaifi, kamar amsa-kuwwar na'urar auna ruwa, ba da bugu ake auna shi ba, da esp_timer_get_time ake yi, mai ƙirga maikirosakan.

Raba aiki da ba shi daraja

Djougou mararraba ce tun zamanin da fatake ke bi ta nan daga Kano zuwa Gwanja neman goro, kuma har yau hanyoyin Natitingou, Parakou, Bassila da Kara ta ƙasar Togo a nan suke haɗuwa. Mai rabon lokaci na FreeRTOS kamar jami'in da ke ba da hannu a irin wannan mararraba yake: hanya ɗaya ce ke wucewa a lokaci guda, kuma in motar asibiti ta taho, kowa zai tsaya ko da ya riga ya sa kai. Ƙa'idarsa ba ta da sassauci. A kowane lokaci, aikin da ya fi daraja cikin waɗanda suke shirye shi ke riƙe da ƙwaƙwalwa, kuma ba zai sake ta ba sai ya shiga jira da kansa ko wani da ya fi shi ya farka.

A ESP-IDF darajoji daga 0 suke zuwa 24, kuma babbar lamba ita ce babbar daraja. A Zephyr akasin haka ne, wanda ya saba da ɗaya ya kula in ya koma ɗayar. Akwai waɗanda suka riga ka zama: aikin Wi-Fi na kan 23, na agogon esp_timer na kan 22, na sadarwar intanet na kan 18, app_main ɗinka kuwa a kan 1 yake farawa. Ajiye naka ƙasa da 18.

Ga tanki, ayyuka huɗu sun wadatar. Mai kula da famfo ya hau daraja 10, domin shi ne kaɗai kuskurensa ke ƙona inji. Mai auna ruwa ya bi shi a 8. Mai rubutu a ɗan gilashin nuni ya tsaya a 3, mai aika saƙo ga kwamitin rijiya ko limamin masallaci ya zauna a 2. Zuciya takan raya wa mutum ya ɗaga mai aika saƙo, tunda shi ne abin da masu rijiya ke gani su yaba. Kada ka bi ta. Saƙon da ya makara minti ɗaya bai cuci kowa ba.

Tunda ƙwaƙwalwa biyu ce, yi amfani da xTaskCreatePinnedToCore. Wi-Fi na zaune a ta farko, mai lamba 0, sai ka ɗaure mai famfo da mai auna ruwa a ta biyu, mai lamba 1, inda hayaniyar sadarwa ba za ta taɓa su ba.

Kowane aiki madauki ne marar ƙarewa, kuma wajibi ne a cikinsa a sami wurin da yake jira: ko hutu, ko jiran saƙo. Aikin da ke juyawa ba hutu zai hana duk na ƙasa da shi numfashi. Ga mai auna ruwa, xTaskDelayUntil ta fi vTaskDelay, domin tana ƙirga daga lokacin farkawar baya, awon ya riƙa zuwa daidai kowace daƙiƙa ba tare da zamewa ba.

A kan awon kansa, na'urar JSN-SR04T mai jure ruwa ta fi dacewa da cikin tanki. Sauti na ɗaukar kimanin maikirosakan 58 ya je ya dawo a kan kowace sentimita. Sai dai saurinsa na bin zafi: mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, wajen 355 a digiri 40. Tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar bazara a cikin baƙin tanki, wannan kan kai kuskuren sentimita 6 ko 7 a zurfin mita 2. Kuma ba ta ganin abin da ya matso ta ƙasa da sentimita 20 zuwa 25. Saboda haka sanya iyakar cika nesa da bakinta, ka auna sau biyar ka ɗauki na tsakiya, ka watsar da sauran. Ƙafarta ta amsa na fitar da volt 5, ESP32 kuwa 3.3 yake ɗauka, dole ka rage da rezista biyu.

Sitak

Kowane aiki na da ɗan yankinsa na ma'ajiya, sitak, inda yake ajiye abin da yake lissafi a kai. Kai ne za ka faɗi girmansa. A FreeRTOS ta asali ana ƙirga shi da kalma, wato bait huɗu-huɗu a allo mai bit 32. A ESP-IDF da bait ake ƙirgawa. Wanda ya kwafo misalin STM32 mai lamba 512 ya zuba a ESP32, ya ba aikinsa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da marubucin ya nufa, kuma allon zai faɗi da zarar aikin ya rubuta saƙo ɗaya.

Fara da yalwa: 4096 ga mai famfo, mai awo da mai nuni, 8192 ga mai aika saƙo. Sannan ka sa kowanne ya riƙa kiran uxTaskGetStackHighWaterMark yana faɗa maka mafi ƙarancin wurin da ya taɓa rage masa. Bar allon ya yi kwanaki yana aiki, ka cire masa Wi-Fi, ka cire na'urar awo, domin hanyoyin kuskure su suka fi cin sitak. Daga nan ka rage, amma ka bar rarar bait 1000 aƙalla. Ka tuna kuma haɗi ɗaya mai tsaro na cin wajen kilobait 40 daga babbar ma'ajiya, kada ka rabar da ita duka.

Yadda ayyuka ke magana

Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye tsayin ruwa a wuri ɗaya kowa ya riƙa leƙawa. Illarta, mai famfo ba zai san ko lambar da ya gani ta yanzu ce ko ta jiya ba. In tsaka ta shiga akwati ta taɓa waya, ko raɓa ta rufe fuskar na'urar, lambar za ta tsaya a kan rabin tanki, famfo kuma ya yi ta zuba har gari ya waye.

Yi amfani da layin saƙo. Buɗe shi da xQueueCreate mai gurbi ɗaya, mai awo ya riƙa sabunta shi da xQueueOverwrite, mai famfo ya jira da xQueueReceive tare da wa'adin daƙiƙa 10. In wa'adi ya cika babu sabon awo, ya kashe famfo, ya kunna jar fitila. Wannan layi ɗaya na manhaja ya fi duk wani ado da za ka yi wa gilashin nuni amfani. Ƙara masa sharuɗɗa biyu: kada famfo ya wuce lokacin da aka san yana cika tanki, kuma in ya yi mintuna yana aiki ruwa bai ƙaru ba, rijiya ta ja baya ke nan, a tsaya a ba ta hutu.

Inda ayyuka biyu ke amfani da waya ɗaya, misali gilashin nuni da agogon DS3231 a kan layin I2C, sai an sa kwaɗo. Buɗe shi da xSemaphoreCreateMutex, kada ka musanya shi da xSemaphoreCreateBinary don sun yi kama. Bambancinsu ya taɓa girgiza aikin hukumar NASA. A Yulin 1997, na'urar Pathfinder da ta sauka a duniyar Mars, mai amfani da manhajar VxWorks, ta riƙa sake tashi da kanta. Ƙaramin aikin tattara bayanan yanayi ne ke riƙe kwaɗo, matsakaitan ayyuka suka hana shi gamawa, babban aiki kuma na tsaye yana jiran kwaɗon har maigadi, wato mai lura da ko aiki ya maƙale, ya gaji ya sake tayar da komai. Daga nan duniya injiniyoyi suka aika gyara, suka kunna tsarin da ke ara wa ƙaramin aiki darajar babban har ya saki kwaɗo. Kwaɗon xSemaphoreCreateMutex na da wannan aro a cikinsa, ɗayan ba shi da shi.

Maigadi da raunin wuta

Nan ne zuciyar aikin. FreeRTOS ta ESP-IDF na da maigadi mai wa'adin daƙiƙa 5. Yadda yake zuwa daga kamfani, in wa'adi ya cika sai ya rubuta ƙorafi zuwa kwamfuta, shi ke nan. A gindin tanki babu kwamfuta, babu mai karantawa, allon zai ci gaba da sandarewa famfo na kunne. Kunna CONFIG_ESP_TASK_WDT_PANIC, domin ya sake tayar da allon gaba ɗaya. Kuma shi maigadin, ayyukan zaman banza na ƙwaƙwalwa biyun kawai yake kallo, wato waɗanda ke gudana in babu wani aikin da ke shirye. In mai famfo ya maƙale yana jiran kwaɗon da ba za a saki ba, maigadi ba zai ga laifi ba. Sai ka yi masa rajista da kanka: esp_task_wdt_add(NULL) a farkon aikin, esp_task_wdt_reset a kowane zagaye. Tunda mun ba layin saƙo wa'adin daƙiƙa 10, ɗaga CONFIG_ESP_TASK_WDT_TIMEOUT_S zuwa 15, in ba haka ba maigadi zai riƙa kama mai jira na halal.

Sai mai gano raunin wuta, CONFIG_ESP_BROWNOUT_DET. Za ka gamu da shi tun a makon farko: Wi-Fi na tashi, allon ya rubuta cewa wuta ta yi ƙasa ya sake farawa. Za ka kuma gamu da masu ba da shawarar a kashe shi. Ina roƙon ka kada ka yi. Allon da ke aiki da wutar da ba ta isa ba yana iya rubuta shirme a filash ko ya sandare a halin da ya ga dama. Shi wannan saiti gaskiya yake faɗa maka. Wi-Fi na jan wajen miliamfa 240 lokacin aikawa, kuma Espressif ta ce a tanadi aƙalla 500. Gyaran na wajen wuta ne: gajeren kebul mai kauri, da kafasita mai maikirofarad 470 ko fiye kusa da allon. Matakin ganowa na zuwa a kusan volt 2.43, mafi ƙasa cikin takwas, alhali samfurin WROOM-32 daga volt 3.0 zuwa 3.6 aka yi shi. Bayan ka gyara wuta, ɗaga matakin zuwa na sama, kusan 2.80.

In batirin sola mai volt 12 za ka yi amfani da shi, kada ka kai shi kai tsaye ƙafar VIN. Ƙaramin mai rage wuta da ke kan allon, galibi AMS1117, zai mayar da rarar zafi: volt 8.7 sau miliamfa 200 ya haura wat ɗaya da rabi, a cikin akwatin da rana ta riga ta gasa. Sa LM2596 ya sauko da ita zuwa 5 tukuna. Mai son aika saƙon waya da SIM800L ya ba shi wutarsa daban, domin yana fizgar amfa 2 a ɗan lokaci.

Tunda mun yarda allon zai riƙa sake tashi, dole mu san halin famfo a daƙiƙar da manhaja ba ta fara aiki ba. A lokacin ƙafafun allon ba su da mai riƙe su. Ƙafa ta 6 zuwa 11 na filash ne, kada a taɓa. Ta 0, 2, 5, 12 da 15 allon na karanta su wajen tashi, kuma in ta 12 na sama a lokacin, zai ba filash volt 1.8 ya kasa tashi sam. Ta 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi. Ɗora rile a ta 26 ko 27, ka sa rezista mai kilo-om 10 da zai riƙe ta a halin kashewa. Duba rile ɗinka da kyau, da yawa suna kunnuwa ne in an ja ƙafa ƙasa, a nan rezistan sama zai ja. Rile ɗin kuma kontakta zai kunna, kontakta ta kunna famfo, kuma ɓangaren volt 220 aikin ƙwararren mai wayarin ne. In za ka auna ƙarfin batir, yi amfani da ƙafa ta 32 zuwa 39, domin sauran masu awon ba sa aiki in Wi-Fi na kunne.

Bayan kowane tashi, mai famfo ya jira minti 5 kafin ya kunna. Wutar da ta dawo takan yi ta ɗaukewa tana dawowa, kuma tashin inji a jere shi ke cinye shi. A farkon app_main kira esp_reset_reason, ka ƙirga a ma'ajiyar NVS da ke cikin filash sau nawa raunin wuta ya tayar da allon, sau nawa maigadi, sau nawa faɗuwar manhaja. Ranar da aka kira ka aka ce abin na wasa, waɗannan lambobi uku za su nuna maka ko mita za ka ɗauko ko kwamfuta. Kada dai ka riƙa rubuta tsayin ruwa a filash kowace daƙiƙa, goge-gogensa na da iyaka.

ESP32 ba ya riƙe lokaci in wuta ta yanke. In kana so famfo ya yi aiki da rana kawai saboda sola, DS3231 da ɗan batirinsa zai riƙe maka. In daga intanet kake karɓa, sa TZ ya zama WAT-1, wato awa ɗaya gaba da agogon duniya, lokacin Benin da Najeriya da Nijar.

Adana saiti da gwaji

Duk abin da ka zaɓa yana cikin fayil mai suna sdkconfig, dogo ne kuma kayan aikin na sake rubuta shi. Ba da umarnin idf.py save-defconfig, zai tace abin da ka sauya kawai ya zuba a sdkconfig.defaults, layuka kaɗan da mutum zai iya karantawa. Wannan shi za ka adana tare da manhajar, shi za ka ba yaron shagonka ko wanda zai gaje ka a kula da rijiyar. Rubuta dalilin kowane layi a samansa, da Hausa ko Dendi ko Faransanci, duk wanda mai zuwa zai fahimta.

Kafin ka kai allon gindin tanki, sa kwan fitila a madadin famfo ka gwada shi da mugunta. Zare na'urar awo fitila na kunne, ka ƙirga ko ta mutu cikin daƙiƙa 10. Zare wuta ka mayar sau ashirin a jere, ka zuba ido ko fitilar ta ƙifta ko sau ɗaya wajen tashi. Kashe Wi-Fi na yini guda ka ga ko mai famfo ya damu. Rubuta madauki marar hutu da gangan a cikin mai famfo, ka tabbata maigadi ya sake tayar da allon kuma lambar NVS ta ƙaru, sannan ka goge shi. Daga ƙarshe rufe shi a akwatin da zai zauna, ka ajiye a rana daga azahar zuwa la'asar, ka buɗe ka karanta lambobin. Akwatin roba fari ya fi na ƙarfe, wanda ke tara zafi ya kuma toshe Wi-Fi. Ramukan wayoyi su kalli ƙasa saboda ruwan damina, a toshe su da gam saboda tururuwa da zanzaro, a kuma bar makunnin hannu a gefe wanda zai kunna kontakta ko da an cire allon an kai gyara.